Jonatan Ya Faɗi a Gilbowa: Wa Zai Tuna da Gidansa?

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ƙasarmu takan tuna da sojojin da suka mutu a bakin daga. A ajiye furanni, a busa ƙaho, kowa ya watse. Amma kowane soja ɗan wani ne, mijin wata, uban wasu. Bari mu dubi gidan soja guda cikin Littafi Mai Tsarki, mu ji abin da Allah yake faɗa mana.

Jonatan ɗan Sarki Saul ne, jikan Kish, daga kabilar Biliyaminu. Mahaifiyarsa ita ce Ahinowam 'yar Ahimawaz. Jarumi ne mai bangaskiya. A Mikmash, shi da mai ɗaukar masa makamai kaɗai suka hau dutse da rarrafe, suka faɗa wa sansanin Filistiyawa, suka kashe mutum wajen 20, domin ya gaskata cewa ceton Ubangiji bai dogara ga yawan mayaƙa ba.

Gidan da ya fito kuwa ba na salama ba ne. Kishin Dawuda ya cinye zuciyar Saul, har ya jefi Jonatan da mashi a wurin cin abinci domin ya kāre abokinsa. Jonatan ya gaji jaruntakar mahaifinsa, amma bai gaji kishinsa ba. Ya san Dawuda ne zai hau gadon da ake sa ran nasa ne, duk da haka ya ƙaunace shi. Babban abin da ya roƙa shi ne kada Dawuda ya janye alheri daga gidansa.

A Dutsen Gilbowa Jonatan ya faɗi, rana ɗaya da mahaifinsa da 'yan'uwansa Abinadab da Malkishuwa. Mutanen Yabesh-gileyad suka yi tafiya dukan dare, suka sauko da gawawwakin daga garun Bet-sheyan, suka binne ƙasusuwansu, suka yi azumi kwana 7. An girmama matattu.

To, ina masu rai? Da labarin ya iso gida, mai reno ta ɗauki Mefiboshet, ɗan Jonatan mai shekara 5, tana gudu. Yaron ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a Lo-debar, a gidan wani mai suna Makir. Sa'ad da Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya ragu, Mefiboshet ya riga ya haifi ɗa, Mika. Ku lissafa shekarun da maraya ya yi yana jira! Amma alkawari kaya ne. Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa, ya kuma ba shi wuri a teburin sarki.

Iyaye, Lo-debar ba ta da nisa da mu. Gwauruwar sojan da ta kwashe kayanta daga bariki tana zaune a bencin baya. 'Ya'yanta sun daina zuwa makaranta, ba wanda ya tambaya. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'aunin addini na gaskiya. Dattawan ikilisiya, ku rubuta sunayensu. Zumuntar Mata, kada ziyara ta ƙare da kwanakin makoki. Maigida, idan ka auna hatsin gidanka bayan girbi, ka ware mudun maraya. Mai hali ya ɗauki kuɗin makarantar yaro guda.

Mu ma guragu ne saboda zunubi, Yesu ya neme mu, ya zaunar da mu a teburinsa. Ya Ubangiji, ka ta'azantar da iyalan sojojinmu, ka buɗe idanunmu mu gan su tun yau. Amin.