Haƙoran Dā da Amanar Ilimi



Daga Sterling zuwa gidan adana tarihin halittu na Smithsonian da ke birnin Washington tafiyar kimanin awa guda ce, kuma shiga kyauta ne. A can akwai zauren asalin ɗan Adam da aka buɗe a watan Maris na 2010, cike da kwafin ƙoƙunan kai da muƙamuƙai da haƙora. 'Ya'yanmu suna zuwa wurin, suna kuma cin karo da wannan darasi a makaranta. Idan suka dawo da tambaya, amsar da ta fi saurin fita daga bakin da yawa daga cikinmu ita ce: "Ƙaryar Turawa ce." A ganina wannan amsa ta fi haƙoran haɗari ga imanin yaro.

Me ya sa masu bincike suka dogara ga haƙori? Farin ɓawon da ya lulluɓe shi ya fi komai ƙarfi a jiki, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adinai ne. Nama yakan ruɓe, ƙashi ya rududduge, haƙori kuwa ya wanzu. Kaurin ɓawon da zaizayarsa suna nuna abin da mai shi ya tauna, siraran layukan cikinsa kuma suna nuna saurin girmansa. Shekarunsa kuwa sau da yawa daga ƙasar da ta binne shi ake auna su, musamman tokar dutse mai aman wuta.

Lamarin ma bai yi nisa da gida ba. A watan Yuli na 2001, a hamadar Djurab ta arewacin Chadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin binciken da Michel Brunet na Faransa ke jagoranta, ya tsinci ƙoƙon kan da aka laƙaba wa suna Toumaï. An ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 7. Ƙanƙantar fiƙoƙinsa na cikin dalilan da suka sa aka kusanto da shi ga zuriyar mutane. Sai dai har yau masana suna jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya.

Aikin injiniya ya koya mini raba abu biyu: abin da ma'auni ya nuna, da fassarar da aka ɗora masa. Tsawon fiƙa awo ne, duk mai kayan aiki zai iya maimaita shi. Cewa mai fiƙar kakan wane ne, wannan fassara ce, tana iya ƙarfi tana iya rauni. An sha yin kuskure. A 1922 an yi shelar wani haƙori daga jihar Nebraska a matsayin na biri mai kama da mutum. A 1927 aka janye maganar, domin na wata dabba ce dangin alade. A Piltdown ta Ingila kuwa zamba aka shirya a 1912: aka haɗa ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran. Sai a 1953 asiri ya tonu, kuma masana ne suka tona shi da gwaje-gwajensu.

Wasu 'yan'uwa sukan riƙe waɗannan misalai hujjar watsar da fannin baki ɗaya. To, mu tuna da namu gadon. An ƙirƙiri hadisai na ƙarya, amma malamanmu ba su jefar da Sunna ba. Sun zauna sun tace: wannan sahihi, wannan hasan, wannan mai rauni, wannan ƙagagge. Al'ummar da ta gaji irin wannan tacewa bai dace ta yi wa ilimin wasu kuɗin goro ba. Alƙur'ani a Suratul Ankabut ya umarce mu da tafiya a bayan ƙasa don duban yadda aka fara halitta, a Suratul Isra'i kuma ya hana mu bin abin da ba mu da iliminsa. Hanin ya hau kan wanda ya ɗora wa haƙori abin da bai faɗa ba, ya kuma hau kan wanda ya ƙaryata awon da bai taɓa dubawa ba.

Mun yi imani Allah ne Ya halicci Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Ya kuma girmama zuriyarsa. Haƙori ba ya maganar ruhi, ba ya maganar amana da hisabi. Alƙur'ani kuma bai ƙayyade mana shekarar halittar Adamu ba. Yadda waɗancan halittu suke da alaƙa da mu tambaya ce da ta cancanci malaman addini da masana kimiyya su zauna kanta da natsuwa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka ce wa babu komai a gidan tarihi, ran da ya riƙe shaida a hannunsa, uban da ya gaya masa zai fara tuhuma, daga nan ya tuhumi sauran abin da uban ya koya masa. Gara mu raka shi zauren, mu karanta bayanan tare, mu nuna masa inda awo ya ƙare fassara ta fara.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare imanin zuriyarmu. Shi ne Mafi sani.