Iyakar Binciken Mai Gida a Kan Mai Neman Haya

Haya, wadda malaman fiƙihu suke kira ijara, Malikawa kuma suka fi amfani da sunan kira'i idan ta shafi gidaje da filaye da dabbobin hawa, ciniki ne na amfanin abu ba na abin kansa ba, domin mai gida zama yake sayarwa na wani lokaci sananne a kan kuɗi sananne, gidan kuwa yana nan a matsayin mallakarsa. Wanda ya sayar da buhun gero ya rabu da mai saye da zarar an biya shi, amma wanda ya ba da haya ya damƙa dukiyarsa ne a hannun wani har shekara guda ko fiye, kuma fiƙihu ya ɗauki ɗan haya a matsayin mai riƙon amana, wato ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi ganganci ko sakaci. Tambayar da ke tasowa daga nan ita ce: ina ne iyakar abin da ya halatta mai gida ya bincika game da mai neman haya, kuma da wane dalili ne zai iya juya masa baya ba tare da ya zalunce shi ba?

Tambayar ta fi nauyi a kan ƙaramin mai gida, wanda ba shi da kamfani ko lauya, kamar ɗan fansho da ya gina ɗakuna huɗu a Kurna ko Ɗorayi a birnin Kano, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida ɗaya tilo da take ciyar da marayu da kuɗinsa. Irin wannan mai gida yakan dogara ne ga dillali, wanda la'adarsa bisa al'ada takan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya, wanda kuma ribarsa tana cikin a ƙulla ciniki ne, ba cikin a zauna lafiya bayan an ƙulla ba. Ga shi kuma fitar da ɗan haya ba abu ne mai sauƙi ba, domin a dokokin Najeriya, idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata 6 kafin a kai ga kotu. Saboda haka taka-tsantsan ɗin mai gida ba mugunta ba ce, tsaron dukiya ne, tsaron dukiya kuwa yana cikin manyan abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin kiyaye su.

Nassosin addini sun ƙarfafa wannan haƙƙi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, aya ta 26 a Suratul Ƙasas kuma ta sanya ƙarfi da amana su zama ma'aunin wanda za a ɗauka aiki. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, daga cikinsu akwai ba da shawara ga wanda yake son ƙulla aure ko kasuwanci ko maƙwabtaka da wani, ya kuma kafa hujja da hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana mata halin mutum biyu da suka nemi aurenta. Don haka tsohon mai gida da aka tambaye shi ko wane yana biyan haya a kan lokaci, ya faɗi gaskiya gwargwadon tambayar, nasiha ya yi, ba cin naman mutum ba.

Binciken yakan wuce matsayin halas ya kusanci wajibi idan aka dubi haƙƙin maƙwabta, wanda aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta jera shi tare da haƙƙin iyaye da marayu. A gidan haya na gama-gari, iyalai biyar ko shida suna tarayya a tsakar gida ɗaya, da bayan gida ɗaya, da rijiya ɗaya, da mitar wuta ɗaya da ake karo-karo a biya kuɗinta, igiyar shanya ma sai an yi layi, yara kuma suna shiga ɗakin juna tun safe har dare. Wanda ya shigo da mai sayar da ƙwaya cikin irin wannan gida don kawai ya zo da kuɗin shekara biyu a hannu, ya sayar da kwanciyar hankalin mutanen da ba a shawarce su ba. Mafi yawan malamai, ciki har da Malikawa, sun haramta ba da hayar wuri ga wanda aka san zai mai da shi wurin sayar da giya, domin taimako ne a kan saɓo. Haka nan tun bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 a Kano, kiran da ake yi wa masu gidaje su san waɗanda suke saukewa ya zama batun tsaron rayuka.

Sai dai surar da ta yi umarni da tabbatarwa ita ce kuma, a aya ta 12, ta hana yawan zato da tajassusi, wato tonon abin da mutum ya suturta. Bambancin da ke tsakanin biyun yana komawa ne ga abin da ake nema da hanyar da aka bi. Sana'ar mutum, da hanyar samunsa, da yawan waɗanda za su zauna tare da shi, da yadda ya rabu da gidan da ya bari, duk sun shafi yarjejeniyar kai tsaye, kuma ana iya tambayarsa su ido da ido. Amma dalilin mutuwar auren mace, ko ciwon da mutum yake shan magani a kansa, ko laifin da ya yi shekaru da yawa ya tuba, ba su ƙara ko rage komai a cikin biyan haya da kula da gida. Abin da mai gida ya ji a wajen bincike ma amana ne a wuyansa, bai halatta ya zama abin hira a majalisar ƙofar gida ba.

Wuri mafi wahala shi ne hukunta mutum da sunan rukuninsa. Sananne ne cewa akwai gidajen da dillali yake sanar da sharaɗinsu tun kafin a je gani: ban da zawarawa, ban da gwauraye, ban da masu yara da yawa, ban da 'yan ƙabila kaza ko 'yan gudun hijira. Bazawarar da ta tara kuɗin shekara cif daga sana'ar ɗinki takan zaga unguwa uku da goyo a baya, a ko'ina tambayar farko ita ce ina mijinta, ba a kai ga tambayar sana'arta ba an sallame ta. Mai gida yana iya cewa ya taɓa ƙonewa a hannun irinsu, kuma gidansa ne, shari'a ba ta tilasta masa ƙulla ciniki da kowa ba. Wannan gaskiya ne ta fuskar hukuncin alƙali, amma abin da alƙali ba ya kamawa ba shi ne ma'aunin abin da Allah ba ya tambaya ba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce asalin mutum kuɓuta ne daga tuhuma har sai hujja ta tabbata, Alƙur'ani kuma ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Dole ne a nan a rarrabe tsakanin sharaɗin da tsarin gida ya haifar da wanda zato ya haifar: hana namiji marar iyali ɗaki a tsakar gidan da matan aure suke zaune yana da dalili na sutura, amma hana shi gida mai ƙofarsa daban don ana ganin duk gwauro mashashaci ne, mugun zato ne tsagwaronsa.

Batun addini da ƙabila ya fi wannan haɗari, domin zaɓin ɗaiɗaikun masu gidaje idan ya taru yakan sauya fasalin gari. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, Kaduna ta rabu kusan gida biyu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, kuma duk ƙofar da aka rufe wa mutum don sunansa tana ƙara wa wannan rabuwa tubali. Alhali fiƙihu bai hana ba wanda ba Musulmi ba hayar wurin zama ba, kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude. Bahaushen da yake ƙorafi idan an hana shi gida a Legas ko Fatakwal saboda asalinsa, ba shi da hujjar yi wa wani haka a Kano ko Zariya.

Al'adar Hausawa kanta ta tanadi hanyar da za ta kare mai gida ba tare da wulaƙanta baƙo ba, wato lamuni. A zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, mai gida shi ne yake saukar da fataken shanu da goro, ya adana kuɗinsu, ya tsaya musu a cinikin bashi, da haka aka mai da baƙunta abin da ake ɗaure ta da amana maimakon abin da ake kora. A yau ma mai tsaya wa ɗan haya, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu da sanin mai unguwa, sun fi duk wani tsegumi kare dukiya. Adalci kuma yana buƙatar mai gida ya yarda a bincike shi, ya faɗi da bakinsa cewa rufin yana yoyo ko layin yana cika da ruwa da damina, ko da da rani aka zo ganin gidan, domin ɓoye aibi algus ne.

Hukuncin da ya fito daga duk wannan a fili yake: mai gida yana da haƙƙin ya tambayi duk abin da ya shafi kuɗinsa da gidansa da lafiyar maƙwabtansa, ba shi kuma da haƙƙin tonon asirin da Allah ya rufe, ko hana mutum matsuguni saboda laifin da wani ya aikata.