Kunyar Aboki da Haƙƙin Hannu

Sana'ar hannu ta haɗin gwiwa ta yawaita a garuruwanmu. 'Yan mata da suka gama makaranta tare sukan haɗa kuɗi su fara turaren wuta da humra da sabulu, samari kuma su haɗu a kan ɗinkin jaka da takalmin fata ko ɗinkin hula, su ɗauki hoto su ɗora a WhatsApp da Instagram. Abin sha'awa ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai duk wanda ya san kasuwa ya san yadda da yawa daga cikin waɗannan tafiyoyi suke ƙarewa: sana'ar ta mutu, gaisuwa ma ta gagara. Mutane kan ce kuɗi ne ya shiga tsakani, ko su ce wani ya ci amana. Ni a ganina, kafin cin amana akwai abin da yake riga shi shigowa, wato kunyar da take hana abokai zama tun ranar farko su fayyace rabon kowa da nauyin da ke kansa. Ana ɗaukar wannan shiru a matsayin kara da mutunci, alhali a ma'aunin shari'a da na hankali sakaci ne da haƙƙin ɗan'uwa. Yanka sharaɗi da aboki, a rubuta, a kafa shaidu, yana cikin riƙon amana, kuma sana'ar hannu ta fi kowace irin tarayya bukatar haka.

Dalili kuwa shi ne, a nan abin da kowa yake kawowa ba iri ɗaya ba ne. Idan mutum biyu suka haɗa kuɗi suka saro buhunan shinkafa, lissafinsu a fili yake. Amma a ce abokai uku ne suke yin jakar fata. Na farko ya fitar da kuɗin sayen fata a majema da zif da gam da zare. Na biyu baduku ne, shi yake auna fatar ya yanka, ya kankare gefenta, ya huda da basilla, ya zauna a sunkuye tun hantsi har la'asar sakaliya a kan jaka guda. Na uku shi ne mai waya, yana amsa masu tambaya har tsakar dare, yana kai kaya tasha, kuma asusunsa na banki ake tura wa kuɗi. Ranar da aka fara, cewa suka yi "ai mu 'yan'uwa ne, duk abin da Allah Ya ba mu ma raba". Bayan wata shida wata mai saye ta dawo da jaka saboda rinin ya zuba a farar rigarta. Asarar ta wa ce? Mai jari ya ɗauki jaka biyu ya kai gudummawar biki, daga rabon wa za a cire? Baduku ya kwanta ciwo mako uku, yana da kaso a cinikin da aka yi da kayan da ya ɗinka tun da farko? In aka rabu, wa zai riƙe sunan da aka yi suna da shi da lambar da masu saye suka sani? Babu mugu a cikinsu, amma kowanne yana kwana da nasa lissafin a zuci, kuma a lissafin kowa shi ne aka ƙwara. Mai kuɗi yana ganin kuɗinsa domin ana iya ƙirga su. Ciwon bayan baduku kuwa babu littafin da yake shiga, sai in an yi niyyar shigar da shi.

Alƙur'ani bai ɓoye wa mutane wannan rauni nasu ba. A Suratu Sad, cikin labarin masu jayayya biyu da suka shiga wurin Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗaya yana da tumaki 99, ɗaya kuma tunkiya guda, mai ƙarar ya kira abokin shari'arsa ɗan'uwansa. A aya ta 24 aka bayyana cewa zaluntar juna ta yi yawa tsakanin masu cuɗanyar dukiya, in ban da masu imani da aiki nagari, aka kuma nuna ƙarancinsu. 'Yan'uwantaka ke nan ba ta hana mai ƙarfin magana ya rinjayi mai rauni. Akwai kuma hadisi ƙudusi da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ma'anarsa ita ce Allah yana tare da abokan tarayya biyu da kiyayewarsa da albarkarsa muddin ɗaya bai ha'inci ɗaya ba. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu sun daɗe suna kawo shi a babin tarayya. Tambayar da ta kamata mai hankali ya yi ita ce: yaya mutum zai kauce wa ha'inci in bai san iyakar haƙƙinsa ba? Wanda ya ɗebi kuɗi daga asusun sana'a ya sayi katin waya, yana ganin ai don aikin ne, na iya zama mai gaskiya ko mai cin haƙƙi, kuma abin da zai raba biyun shi ne abin da aka amince da shi tun farko. Inda ba a amince da komai ba, shi kansa ba zai iya wanke kansa a gaban zuciyarsa ba.

Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukanmu, sun ba wannan babi kulawa ta musamman. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta halatta masu sana'a su yi tarayya da ƙarfin jikinsu idan aikin iri ɗaya ne ko makusancin juna, alhali Imamu Shafi'i bai yarda da irin wannan tarayya ba. A tarayyar dukiya, Malikiyya sun ce riba da asara da aiki duk su bi gwargwadon jarin kowa. Hanafiyya da Hambaliyya sun bar ribar ga abin da aka yi yarjejeniya a kai, asara kuwa ta bi jari. A ƙirali, inda ɗaya ke da kuɗi ɗaya ke juya su, dole rabon mai aiki ya zama sanannen kaso na riba, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi yankakke ba, kuma in asara ta zo ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye: idan mai kuɗi ya sharɗanta wa mai ƙirali cewa shi zai yi ɗinkin tufa ko ɗinkin fata da hannunsa, ƙiralin ya ɓaci, sai a biya shi ladan da ake biyan irinsa a kan irin wannan aiki. Wasu mazhabobin sun sassauta a nan, don haka masu shirin haɗa gwiwa su nemi malamin da ya san babin ciniki ya duba musu tsarinsu. Amma darasin a bayyane yake. Malaman Malikiyya sun ƙi yarda a haɗiye gumin mai sana'a a cikin ribar da ba a san za ta zo ko ba za ta zo ba. Saɓanin mazhabobin a kan yadda za a raba ne. Babu wanda ya ce a bar rabon a duhu.

Mai suka zai ce: duk wannan na baƙi ne. Wanda kuka ci ƙasa tare, in ka miƙa masa takarda ka ce ya sa hannu, ka gaya masa ke nan ba ka yarda da shi ba, kuma zargi shi ma zunubi ne. Zai ƙara da cewa ayar bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana ba tarayya ba, mafi yawan malamai ma sun ɗauki umarnin rubutun a matsayin mustahabbi, ayar da ke biye kuma ta buɗe ƙofa ga waɗanda suka amince da juna. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ce rubutu farilla ba ne. Abin da yake wajibi shi ne sanin rabo da sharaɗi. Rubutu hanya ce ta kiyaye wannan sani. Amma a duba waɗanda aka fara yi wa magana da ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Sahabbai ne, cikinsu har da mutanen da suka raba gidajensu da dukiyarsu da 'yan'uwansu Muhajirai. In rubutu zargi ne, da su ne mafi cancantar a ɗauke musu shi. Dalilan da ayar ta bayar kuwa sun shafi tsayar da adalci, da ƙarfafa shaida, da kore shakka. Takarda tana maganin mantuwa da rashin fahimta da mutuwa, kuma waɗannan ba sa barin mutumin kirki. Ranar da ɗaya daga cikin abokan ya faɗi ya mutu, magadansa ba su san alkawarin da aka yi a baki ba, kuma a cikinsu ana iya samun marayu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kunya kuwa, wadda aka yabe ta a hadisi ita ce mai hana aikata mummuna. Wadda take rufe bakin mutum a kan haƙƙi har ƙulli ya taru a zuciyarsa, rauni ce da ta ari sunan kunya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Iyaye da kakanni sun yi sana'a ɗaruruwan shekaru babu takarda, kuma sun yi nasara. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura ya yi suna a wurin Buzaye, jar fatar akuyar Sakkwato ta tsallaka Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ina suka ga lauya? Amsa ita ce, ba su da takarda amma sharaɗinsu a sarari yake. Masaƙi ya san kuɗin saƙarsa, marini a karofi ya san ladan rininsa, mai bugu ya san nasa, dillali ya san la'adarsa. Kowace sana'a da shugabanta, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, waɗanda ake kai wa ƙara su yanke. Yaron da ya tashi a gidan dukanci ya san lokacin da yake koyo da lokacin da zai fara cin gashin kansa. Fatake a zango suna da maigida da yake tsaya musu. Al'ada ce ta rubuta musu yarjejeniyar, jama'ar unguwa kuma su ne shaidu. Abokan da suka haɗu a jami'a ko wurin bautar ƙasa, suke sayar wa mutumin Abuja ko Yamai da ba su taɓa gani ba, ba su gaji wannan rumfa ba. Sana'ar da mai waya yake da kaso a cikinta ba ta da tsohuwar al'adar da za a koma mata. Wanda yake son bin sawun magabata da gaske sai ya samar wa kansa da alƙalami abin da al'ada ta samar musu.

Wasu kuma za su ce lissafi yana kore albarka, yana mayar da abota ciniki, har mutum ya kasa ɗauke wa abokinsa aikin yini guda. Na yarda cewa tarayyar da babu yafiya a cikinta ba ta daɗewa. Amma kyauta ba ta tabbata sai mutum ya san abin nasa ne sannan ya bayar. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Badukun da ya san yana da ladan ɗinki a kan kowace jaka, sannan ya ce a bar na wannan wata saboda matar abokinsa ta haihu, ya yi alheri kuma zai ji daɗinsa. Wanda aka saba cinye wahalarsa yana shiru don kara, an karɓa ne daga hannunsa ba da yardarsa ba, ko da bai taɓa buɗe baki ba. Adalci ne yake ba kyautatawa wurin tsayawa. Haka nan ba na tare da masu cewa a guji sana'a da aboki ɗungurungum. Sa'ib ɗan Abu Sa'ib abokin kasuwancin Annabi ne kafin aiko shi, kuma ruwayoyi sun nuna cewa bayan shekaru an tuna wannan tarayya da yabo, saboda babu ja-in-ja ko yaudara a cikinta. Aboki ya san halinka, ya san lokacin da kake cikin matsi, kuma zai gaya maka gaskiya in ɗinkinka ya karkace. Wannan jari ne da baƙo ba shi da shi, shi ya sa ya cancanci a tsare shi.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. A zauna kafin a sayi fatar farko, a gaban mutum biyu da kowa ya yarda da su. A faɗi abin da kowa ya kawo, a yanka wa aikin hannu ladansa daban da ribar jari, a faɗi wanda zai ɗauki asarar kayan da aka dawo da su, a raba kuɗin sana'a da kuɗin aljihu, a sa ranar lissafi a kowane wata, a kuma amince da yadda za a rabu da wanda zai riƙe suna idan rabuwar ta zo. Zaman zai yi nauyi, wani ma zai sunkuyar da kai in aka zo maganar kuɗi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya ƙi yarda a fayyace rabo tun ana dariya, zai fi ƙi ranar da kuɗi suka taru. Mai son abokinsa saboda Allah ba zai so su tsaya gobe kiyama da haƙƙin juna a wuya ba, kuma hanya mafi sauƙi ta kauce wa haka ita ce kowa ya san nasa tun a duniya.