Hancin Arfajatu: Gyaran Fuska ko Sauya Halitta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira Noma, mai cinye leɓe da kunci da hancin yaran da tamowa ta raunana. Dominta aka buɗe asibiti a Sakkwato a 1999, ƙungiyar Sentinelles kuma tana jinyar irin yaran nan a Damagaram. Inda tiyata ta gaza, akan ƙera wa mutum hanci ko kunci da wata roba mai laushi, silikon, a rina ta da launin fatarsa. To, shin wannan sauya halittar Allah ne?

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'adu, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulabu zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, sai ya yi ɗoyi, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. Daga nan malamai suka fahimci cewa kawar da aibi mayar da halitta ne ga asalinta, don haka halal ne.

Amma ya ɗan'uwa mai karatu, dubi abin da ya fi wannan zurfi. Zinariya haramun ce ga maza, sai ga shi an halatta ta saboda azurfa ta cutar da mai ita. Ashe ingancin abin da za a ɗora wa fuskar bawan Allah yana da nauyi a shari'a.

Silikon ma yana da nasa aibin: rana da gumi kan kashe launinsa, gefensa ya yage, cikin shekara ɗaya ko biyu a nemi sabo. Mutumin Timiya, can cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 daga Agadas, ina zai iya wannan zirga-zirga? Shi ya sa masana ke gauraya robar da wasu sinadarai masu laushin gari, don ta jure rana ba tare da ta ƙandare ba. A ganinmu neman wannan ilmi yana cikin farillan kifaya.

Namu rabon kuwa, mu kame ido da harshe, domin ƙura wa mai tabo ido da tsegumi su ke tsare shi a ɗaka, ya rasa makaranta da sahun jam'i.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wallahu a'alamu.