Shin Duk Kifin da Ya Faɗa Koma Rabonmu Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana abin da ke cikin ruwa, kamar yadda ya zo a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. To amma 'yar'uwa, halaccin abu yana nufin a kwashe shi tas, babba da ƙarami?

Mu a nan Dandin Mahe ba baƙin kifi ba ne. Ana kawo mana shi daga dam ɗin Shagari da gulaben da ke kewaye da mu, ɗanye da banda. Sau da yawa za ki ga tire cike da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, mu kuma mu yi ta rububi saboda arha. Irin waɗannan da raga mai ƙananan idanu ake kama su, wani lokacin ma da gidan sauron da aka raba don kare yaranmu daga zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma masu zuba guba irin gamalin, wanda tun 2009 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana amfani da shi a gona. Wannan gubar tana kashe kifi har da ƙwansa, sannan ta biyo shi cikin tukunyarki.

Wata za ta ce: “Malama, ai rabo ne, kuma talauci ya yi yawa.” Gaskiya ne, babu mai raina gumin masunci. Amma ki duba karfasa. Uwar a cikin bakinta take riƙe ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, tana haƙuri da yunwa. Wanda ya kwashe 'ya'yan tun ba su girma ba, ai abincin baɗi ya cinye bana. Arziki na Allah ne, amma hanyar nemansa za a tambaye mu ita.

Magabata sun gane wannan. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka cikin sauƙi. Can a Ingila da Amurka ma, masu ɗaura gashin tsuntsu a fatsa ya yi kama da ƙwaro, dokarsu a wurare da dama ita ce wanda bai kai girma ba a mayar da shi ruwa. Mu da aka ce mana dabba ma tana da haƙƙi, ai mu muka fi cancanta da wannan.

Ina namu a ciki? Kasuwa a hannunmu take, domin abin da ba a saye ba a kama shi. Idan maigida masunci ne, ki yi masa nasiha cikin ladabi, lokacin da ransa yake sanyi. Gidan sauro kuma ya tsaya a kan gadon yara. Kifin da kike shakkar yadda ya mutu, ki bar shi komai arharsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah ya sa mana albarka a abin da ya ba mu, ya bar wa jikokinmu nasu rabon. Amin. Wassalamu alaikum.