Tausayi Da Lissafi Wajen Ceton Kasuwanci

'Yan'uwa, idan kasuwanci ya durƙushe, wa ya kamata a fara ceto? A watan Disamba 1995 gobara ta cinye masaƙar Malden Mills a Amurka. Mai masaƙar, Aaron Feuerstein, ya ci gaba da biyan ma'aikata wajen 3,000 albashi har tsawon watanni, ya kuma ci bashi ya sake gini. A 2001 bashin ya fi ƙarfin kamfanin. Wasu suka ce tausayi ne ya karya shi. Mu ba mu yarda ba, gama kuɗin albashin ƙalilan ne bisa ga kuɗin ginin. Mai ceton kasuwanci ya auna bashinsa da kyau, amma kada ya fara tsimi daga tukunyar ma'aikaci.