Ɗacin Da Muka Haɗiya

A cikin duwatsun murjani na Bahar Maliya akwai wani dodon koɗi ja wur, wanda masana ke kira Hexabranchus sanguineus. Ba shi da kwanson ɓuya. Yakan ci soson teku mai dafi, ya adana dafin a jikinsa, launinsa kuwa gargaɗi ne ga kifaye. Mu ba mu da teku, amma mun san irinsa: farar tumfafiya, wadda ke cin ganye mai guba, ga kyau amma ba ta ciwuwa.

'Yan'uwa, ga tambaya: me mai rauni zai yi da ɗacin da aka ɗura masa? Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun haɗiyi mai yawa. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, an kuma hana manoma da dama shiga gonakinsu.

Kare kai haƙƙi ne. Ba mai cewa uba ya naɗe hannu. Amma mu lura, waɗannan halittu ba sa farauta da dafinsu. Sai wanda ya kai musu baki yake ɗanɗanawa. Ran da muka ɗauki namu muka kai rugar da ba ta yi mana laifi ba, don harshe ko kamanni, mun bar kare kai, mun zama abin da muke gudu.

Dodon nan har ƙwansa yake sa wa dafi. Shi ba shi da zaɓi, mu kuwa muna da shi. Wane gado za mu bar wa 'ya'yanmu?